Tallar Karatu Daga Nesa: Daga Kan Sarki Zuwa Wayar Hannu



Duk wanda ke cikin zaurukan marubuta na WhatsApp da Telegram da Facebook ya saba ganin irin sanarwar nan: an buɗe ajin koyon rubutun labari, kwana bakwai ko sati biyu, kuɗin shiga kaza, gurbi ya kusa ƙarewa, a turo shaidar biya. Wasu daga cikinmu sun biya sun shiga. Wasu kuma da hannunsu ya fara faɗawa suna tunanin buɗe nasu ajin, domin a samu na sayen data da na buga littafi. Da yawa sun ɗauka intanet ce ta zo da wannan sana'a, alhali sayar da darasi ga ɗalibin da ba ka taɓa gani ba ya kusa shekara 300 ana yin sa. A tsawon wannan lokaci an gwada kusan duk wata dabarar talla da muke gani yau, kuma an ga ƙarshen kowace.

Zan bi tarihin ne da tambaya ɗaya: me ya raba makarantun da suka ɗore da waɗanda suka yi tashe suka faɗi? Amsar da tarihin ke ta maimaitawa ita ce, shigo da ɗalibi abu ne mai sauƙi, kai shi ƙarshen karatu ne aiki. Mai shirin buɗe aji da mai shirin biyan kuɗin shiga, kowa akwai rabonsa a ciki.

SANARWA TA FARKO

A ranar 20 ga Maris 1728, wani malami mai suna Caleb Phillips ya sa sanarwa a jaridar Boston Gazette, lokacin Amurka tana ƙarƙashin mulkin Ingila. Abin da yake koyarwa shi ne rubutun gaggawa, wato rubutun alamomi da akawu ke yi don ya kama magana a lokacin da ake faɗinta. Ya ce duk mutumin da ke zaune a wajen birni yana son koyo, za a riƙa aika masa darasi mako-mako, kuma zai ƙware daidai da wanda ke cikin Boston. Masu tarihin ilimi sukan fara lissafin karatu daga nesa daga wannan 'yar sanarwa.

Ku dubi abin da ta ƙunsa. Ta faɗi wanda take nema. Ta faɗi abin da zai koya. Ta faɗi yadda darasin zai iso masa da kuma yaushe. Sannan ta amsa shakkar da ke ransa, cewa karatun nesa ba ya kai na gaban malam. Sanarwar da ta rasa ɗaya daga cikin huɗun nan, ko a yau aka rubuta ta, gurguwa ce.

Sai dai a zamanin Phillips aika wasiƙa na da tsada, don haka sana'ar ba ta yi nisa ba sai bayan fiye da shekara ɗari. A 1840 gwamnatin Ingila ta mayar da kuɗin aika wasiƙa kwabo ɗaya zuwa ko'ina a ƙasar, kuma a shekarar aka fara amfani da kan sarki. Wani malami a garin Bath mai suna Isaac Pitman, wanda ya ƙirƙiro nasa tsarin rubutun gaggawa a 1837, bai yi wata-wata ba ya kama damar. Ɗalibi zai juya 'yan ayoyin Baibul zuwa rubutun gaggawa ya aiko, a gyara masa, a maido. A 1843 aka kafa ƙungiyar waɗanda suka ƙware, suna gyara wa sababbin ɗalibai aikinsu kyauta. Kuɗin Pitman kuwa a littattafai da mujallu yake shigowa. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai kilishi ya san wannan dabara: a ba ka ɗanɗano, kai da kanka ka ce a yanko.

Abu biyu Pitman ya bar wa na baya. Na farko, kasuwar karatun nesa tana buɗewa ne a ranar da kuɗin isar da saƙo ya sauko, jiya kan sarki, yau data. Na biyu, gyara shi ne kayan sayarwa. Littafi kowa na iya saye ya ajiye, amma mutumin da zai duba aikinka ya nuna maka inda ka karkace, shi ne malami.

MASU HAƘAR KWAL DA DILLALAI

Wanda ya mayar da abin babban kasuwanci ɗan jarida ne. A jihar Pennsylvania ta Amurka haɗurra sun yi yawa a ramukan haƙar kwal, sai a 1885 aka yi doka cewa ba wanda zai zama heluma, wato shugaban leburori a cikin rami, sai ya ci jarrabawa. Thomas J. Foster na buga jaridar masu haƙar ma'adinai, kuma yana da filin amsa tambayoyi a ciki. Tambayoyin suka yi ta kwararowa daga ma'aikatan da ke son cin wannan jarrabawa. Foster ya gane cewa jama'a sun riga sun faɗa masa abin da za su saya. A 1891 ya buɗe darasi ta gidan waya a garin Scranton, wanda ya zama International Correspondence Schools.

Makarantar ta san mutanenta. Ma'aikata ne masu ƙaramin albashi, da yawansu ba su yi nisa a makaranta ba, kuma sai dare suke samun sukunin karatu. Don haka aka rubuta littattafan da harshe mai sauƙi, aka bari a biya kuɗi kaɗan-kaɗan. Tallarsu ba ta tsayawa yabon ilimi. Hoto za ka gani na miji ya dawo gida yana nuna wa matarsa ƙarin albashin da ya samu, a ƙasa kuma ga 'yar takarda mai jerin sana'o'i, ka zaɓi wadda kake so, ka yanke ka aika. Daga haƙar kwal aka faɗaɗa zuwa aikin lantarki da zanen gine-gine da lissafin kuɗi. Zuwa 1906 waɗanda suka yi rajista sun kai 900,000.

Amma a nan ne tsutsa ta shiga goro. Makarantar ta baza dillalai kimanin 1,200 suna bin masana'antu da gidaje, kuma la'adar dillali tana fitowa ne idan mutum ya sa hannu, ko ya karanta ko bai karanta ba. Cikin waɗanda suka shiga, ƙalilan ne ƙwarai suka kai ƙarshe. Makarantar ta rayu, har yau tana nan da sunan Penn Foster, domin littattafanta sun yi suna kuma sana'o'in da take koyarwa na gaske ne. Sai dai ta bar wa sana'ar wani mugun gado, wato a auna nasara da yawan masu shiga, a kau da kai daga yawan masu fita da wani abu a hannu.

TAKARDAR LANDAN A NAJERIYA

Mu ma wannan tarihi ya biyo ta ƙofarmu. A 1858 Jami'ar Landan ta ba da damar mutum ya zauna jarrabawar digirinta ba tare da ya zauna a ajinta ba. Jami'ar jarrabawa kawai take yi, koyarwa kuwa ta bar wa makarantu masu zaman kansu irin su Wolsey Hall ta Oxford, wadda aka kafa a 1894, da Rapid Results College. Najeriya ba ta samu kwalejin jami'a ba sai 1948 da aka buɗe ta Ibadan. Kafin nan, har ma bayan nan, malaman makaranta da akawuna da yawa ta akwatin gidan waya suka yi karatunsu. Ku ciro naira goma ku dubi hoton da ke jiki: Alvan Ikoku ne, wanda ya samu digirin Landan a 1928 ta wannan hanya. Na jikin naira ɗari, Obafemi Awolowo, shi ma haka ya yi digirinsa na kasuwanci kafin ya tafi Ingila karatun lauya.

Me ya sa talakan akawu zai yanki wani abu daga albashinsa ya aika wa makarantar da bai taɓa ganin ƙofarta ba? Saboda gwamnati da kamfanoni sun yarda da takardar, tana kawo ƙarin girma a wurin aiki. Na biyu kuma, ba makarantar ce ke shirya jarrabawa ba. Tun da alƙalin daban yake, ba halin a yi kurin ƙarya, sakamako ne zai nuna. Ɗalibin da ya ci ya zama talla mai tafiya da ƙafa a garinsu.

Da gwamnati ta shigo harkar, batun bai canza ba. A 1976 aka kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna, don a samar da malaman shirin ilimin firamare kyauta na UPE. Ɗalibanta ba su buƙaci dogon lallashi ba, domin malami ya san abin da takardar za ta yi masa. Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa, NOUN, gwamnatin Shagari ce ta kafa ta a 1983, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, sai gwamnatin Obasanjo ta farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000. Yaƙin da ta fi sha shi ne na a yarda da takardarta, domin an yi shekaru ana taƙaddama kan shigar ɗalibanta Makarantar Horar da Lauyoyi da hidimar ƙasa. Obasanjo da kansa ya shiga a matsayin ɗalibi har ya yi digirin digirgir, kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu, wanda marubutan Hausa suka sani farin sani, ya shugabance ta daga 2016 zuwa 2021. Har gobe tambayar farko da ɗan Najeriya ke yi wa makarantar nesa ita ce: idan na gama, wa zai karɓi wannan takarda?

MAKARANTAR SHAHARARRUN MARUBUTA

Yanzu mun zo labarin da ya fi shafar mu kai tsaye, domin irinmu aka yi farauta a ciki.

A 1961 aka buɗe Famous Writers School a garin Westport na jihar Connecticut, Amurka. Makaranta ce ta koyon rubutu ta gidan waya. Jarinta shi ne sunayen manyan marubuta 15 da aka jera a matsayin jagororin malamai, ciki har da Bennett Cerf, shugaban kamfanin ɗab'i na Random House, da Rod Serling, shahararren marubucin wasannin talabijin. Hotunansu sun cika jaridu da mujallu, suna kiran duk mai sha'awar rubutu ya aiko a gwada baiwarsa kyauta, tare da nuna masa cewa kasuwa na can tana ƙishirwar marubuta, kuɗi na jira.

Idan ka cike takardar gwajin ka aika, kusan kowa ana ce masa ya ci. Ba da jimawa ba sai ga dillali a ƙofar gidanka, ya zauna a falonka yana yabon baiwarka har ka sa hannu. Kuɗin karatun dala 785 ne idan za ka biya gaba ɗaya, ya kai wajen 900 idan kaɗan-kaɗan ne, a lokacin da jami'o'in gwamnati ke ba da irin wannan darasi ta gidan waya a kan kuɗi ƙalilan.

A watan Yuli 1970 wata 'yar jarida mai suna Jessica Mitford, wadda ta riga ta yi suna wajen tona asirin masu kasuwancin jana'iza a Amurka, ta buga bincikenta a mujallar The Atlantic. Ta gano cewa makarantar na da ɗalibai kimanin 65,000, malamai masu duba aiki 55, dillalai kuwa 800. Ku yi lissafin da kanku: malami ɗaya ga ɗalibi fiye da dubu. Ta bi shahararrun marubutan ɗaya bayan ɗaya, suka amsa da bakinsu cewa ba sa karanta aikin ɗalibai. Ɗaya daga cikinsu, Faith Baldwin, har cewa ta yi ai duk mai hankali ya san ba su da wannan lokacin. Suna suka bayar aro, ana biyan su. Mitford ta ƙiyasta cewa tsakanin kashi 66 zuwa 90 cikin 100 na ɗaliban suna watsar da karatun a hanya, kuma takardar da suka sa wa hannu ta ɗaure su da biyan kuɗin duka. Wato ɗalibin da ya gudu ya fi wanda ya zauna riba, tun da ya biya kuma ba sai an duba masa komai ba.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Rubutun ya bazu, hukumomi suka shiga bincike, masu shiga suka ja baya, a 1972 kamfanin ya bayyana karyewarsa a kotu. Rubutu ɗaya na marubuciya ɗaya ne ya kayar da makarantar da ke tinƙaho da marubuta 15.

Abin da ya sa irin wannan tarko ke kama marubuta cikin sauƙi shi ne, rubutu ba shi da jarrabawar da wani alƙali na waje zai shirya kamar ta Landan. Mai son zama marubuci kuma yakan zo ne da ƙishirwar a ce masa ya iya. Wanda ya gane haka, yabo kawai zai sayar masa, ya karɓi kuɗi.

DA INTANET TA ZO

Intanet ta sauko da kuɗin isar da darasi kamar yadda kan sarki ya yi a 1840, sai tsofaffin halaye suka dawo da sababbin kaya.

Jami'ar Phoenix ta Amurka, wadda John Sperling ya kafa a 1976, ta fara koyarwa ta kwamfuta tun 1989. Ta fara da sanin mutanenta sosai, wato manya masu aiki da iyali, waɗanda jami'o'in da aka saba ba su yi tanadi dominsu ba. Ana ɗaukar darasi ɗaya a lokaci ɗaya, a gama cikin 'yan makonni a shiga na gaba. Zuwa 2010 ɗalibanta sun kai wajen 470,000. Amma talla ta rinjayi aji. A 2006 ta amince ta biya fiye da dala miliyan 150 don a sa sunanta a wani filin wasa a Arizona. Rahoton wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka na 2012 ya nuna cewa manyan makarantun neman riba irinta suna kashe kimanin kashi 23 cikin 100 na kuɗin shigarsu a talla da farautar ɗalibai, koyarwa kuwa kimanin kashi 17. A 2019 Phoenix ta yi sulhu da hukumar kare masu saye ta Amurka a kan dala miliyan 191, bisa zargin tallar da ke nuna kamar tana da alaƙar samar wa ɗalibai aiki da kamfanoni irin su Microsoft da AT&T.

Sai zamanin darussan kyauta. A 2011 Sebastian Thrun da Peter Norvig suka buɗe darasinsu na Jami'ar Stanford ga duk duniya, mutum 160,000 suka yi rajista, kimanin 23,000 suka kammala. A 2012 aka kafa Coursera da edX. Darasin farko da MIT ta buɗe ya jawo mutum kusan 155,000, waɗanda suka samu takardar kammalawa kuwa 7,000 da 'yan kai. Kyauta na tara jama'a, amma abin da mutum bai sa komai nasa a ciki ba, kuma ba mai tambayarsa ina aikinsa, da wuya ya riƙe shi. Duk wanda ya taɓa buɗe zauren WhatsApp na kyauta ya ga ɗaruruwa sun shigo ranar farko, ranar ba da aiki kuma tsit kamar an yi ruwa an ɗauke, ya san wannan lissafi.

Mafi girman faɗuwa a Indiya aka gani. Manhajar Byju's, wadda ta fito a 2015, ta kai darajar dala biliyan 22 a 2022. A lokacin Shah Rukh Khan ne ke yi mata talla, sunanta na jikin rigar 'yan wasan kurket na Indiya, ta shiga cikin masu ɗaukar nauyin Gasar Cin Kofin Duniya ta Qatar, ta ɗauko Lionel Messi jakada. A ƙasa kuwa iyaye na kuka cewa dillalai na tsorata su da makomar 'ya'yansu har su ci bashi su saya, abin da ya sa hukumar kare haƙƙin yara ta Indiya ta gayyaci mai kamfanin a ƙarshen 2022. A Yulin 2024 kotu ta buɗe shari'ar karyewar kamfanin, kuma ƙarar da ta jawo haka ta hukumar kurket ce, a kan bashin kuɗin tallar rigar. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

A gefe guda ga Salman Khan, ba na fim ba, wani Ba'amurke ɗan asalin Bangladesh da Indiya. A 2004 ya fara koya wa wata 'yar'uwarsa lissafi daga nesa. A 2006 ya fara ɗora gajerun bidiyo a YouTube, ba fuskarsa, murya ce kawai da rubutu a baƙin allo. Waɗanda suka amfana ne suka riƙa gaya wa juna, har a 2010 Bill Gates ya faɗa a bainar jama'a cewa yana amfani da su tare da 'ya'yansa. Daga nan tallafi ya zo wa Khan Academy, kuma har yau tana nan. A gida Najeriya, uLesson ta Sim Shagaya, wadda aka kafa a 2019, ta fara ne da sa darussanta a katin memori, domin ta san tsadar data da rashin sabis su ne katangar da ke gaban ɗalibin WAEC da JAMB. Sanin aljihun mai saye shi ma talla ne.

ABIN DA ZA MU ƊAUKA

Ga mai shirin buɗe aji, tarihin nan ya bar darussa bayyanannu.

Ka san wanda kake kira. Foster bai ce yana koyar da kowa komai ba, masu neman cin jarrabawar heluma ya nufa. Ajin da ya ce zai koyar da labari da waƙa da wasan kwaikwayo da fassara a kwana bakwai bai kira kowa ba. Wanda ya ce na masu rubutun onlayin ne da ke son gyara ƙa'idojin rubutu, raba kalma da haɗe ta da baƙaƙe masu ƙugiya, shi ya san inda ya dosa. Tambayoyin da ake yawan yi maka su ne manhajarka.

Ka yi alkawarin da za a iya aunawa, kuma yana hannunka. Kana iya cewa ɗalibi zai fita da gajeren labari ɗaya da aka gyara masa sau biyu. Ba ka da ikon cewa zai ci gasar Hikayata ko zai fara samun kuɗi cikin wata ɗaya. Alkawari kaya ne.

Ka ba da ɗanɗano na gaske. Darasi ɗaya cikakke a fili, wanda mutum zai amfana ko bai biya ba, ya fi sanarwa goma. Gani ya kori ji.

Ka lissafa lokacinka kafin ka lissafa kuɗinka. Idan aikin mutum ashirin kake iya dubawa a mako, gurbi ashirin gare ka. Da ka ɗauki ɗari biyu, ka zama makarantar Westport a cikin wayarka. Haka nan kada ka jera sunayen manyan marubuta a sanarwa alhali saƙon murya ɗaya kawai za su turo. Ka faɗi wanda zai duba aiki da sunansa.

Ka faɗi kuɗi a fili, da abin da ya ƙunsa, da abin da zai faru idan ajin bai yiwu ba. Ka sauƙaƙa hanyar isar darasi: rubutu da gajeren saƙon murya sun fi dogon bidiyo dacewa da mai datar ɗari biyar. Sannan ka riƙa ƙirga masu kammalawa. Su ne za su kawo maka zango na biyu ba tare da ka kashe ko sisi ba, domin duniyar marubutan Hausa ƙarama ce, labarin aji mai kyau da na marar kyau duk ba sa kwana.

Ga mai shirin biyan kuɗi kuwa, tambayoyin Mitford har yau suna aiki. Wa zai karanta abin da na rubuta? Mu nawa ne a ajin? Ina rubutun malamin, in karanta in gani? Ina waɗanda suka gama zangon baya, me suka rubuta bayan nan? Idan an yaba maka tun ba a ga rubutunka ba, ko ana ta matsa maka cewa gurbi zai ƙare yau da dare, ka riƙe kuɗinka tukuna. Malamin kirki ba ya jin haushin tambaya, ya ma fi son ɗalibin da ke yin ta.

Koyar da rubutu don kuɗi ba abin kunya ba ne. Adabinmu na buƙatar ajujuwa masu kyau, kuma wanda ya ɓata dare yana gyaran aikin wani ya cancanci a biya shi. Abin da ke cikin haɗari shi ne amana. Duk ajin da ya karɓi kuɗi ya watsar da mutane, ya rufe ƙofa ga malamai goma na gaskiya da za su zo bayansa, kuma wataƙila ya kashe gwiwar wata yarinya da da ta zama marubuciyar da za mu yi alfahari da ita.

Waɗanda suka taɓa shiga aji ko suka taɓa buɗewa, muna son jin abin da ya yi amfani da abin da bai yi ba, ba tare da kama sunan kowa ba. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.